Yadda Ake Koyar da Jiyu-jitsun Birazil a Zango: Wata Ukun Farko

Ranar da muka fara shimfiɗa a ɗakin da muka kama haya a Aboabo, wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, kafin fataucin goro ya kawo shi Kumasi. Ya ga yaro ya kayar da ɗan'uwansa, ya ga kuma babu wanda ya miƙe, sai ma aka ci gaba da murƙususu a ƙasa. Ya ce da ni, "Ɗana, ai an riga an yi kaye. Me kuma suke nema a ƙasa?" Na ce, "Baba, mu a nan daga ƙasan ake farawa."

Dattijon bai yi kuskure ba. A kokawar da muka gada, da gwiwarka ko bayanka ya taɓa ƙasa an gama, makaɗa su juya kiɗa ga wanda ya yi kaye. Jiyu-jitsun Birazil kuwa daga nan yake ɗaukar zance: an kayar da kai, wanda ya fi ka ƙarfi ya hau ruwan cikinka, hannunsa na neman wuyanka, yaya za ka yi ka fita da lafiyarka? Tushensa judo ne na makarantar Kodokan da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882. Wani ɗalibin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Birazil a 1914 ya zauna a garin Belém. Carlos Gracie ya koya a hannunsa, ya koya wa ƙannensa, har da Hélio, suka duƙufa kan faɗan ƙasa. Duniya ta farga da abin a watan Nuwamba na 1993, a gasar UFC ta farko, mai haɗa 'yan faɗa na salo daban-daban, a Denver ta Amurka, inda Royce ɗan Hélio ya ci faɗa uku a dare ɗaya, kuma dukkan ukun miƙa wuya suka yi.

Mu nan Gana ƙasar dambe ce. Kowane yaro ya ji sunan Azumah Nelson, ya ji labarin Bukom, unguwar 'yan dambe a Accra. Shi ya sa duk wanda ya shigo ɗakinka tambayarsa ta farko ita ce yaushe za a koya masa shaƙe mutum ko karya hannu. Kada ka biye masa. A wata ukun farko abu huɗu nake so ɗalibi ya iya: ya san lokacin sallamawa, ya iya faɗuwa, ya iya fita daga ƙarƙashin wanda ya danne shi, ya iya miƙewa ya bar wurin. Sauran duk suna zuwa a kan waɗannan.

Kafin ka tara kowa

Fara da kanka. Idan daga bidiyon YouTube kawai ka koya, ba ka kai ka koyar ba tukuna, domin wannan ilimi a jiki ake jinsa, kuma sai wani ya gyara maka da hannunsa. Nemi malami mai baƙar ɗamara ko ruwan ƙasa, wato manyan matakan ƙwarewa, da za ka rataya a wuyansa, ko da sai ka hau mota zuwa Accra lokaci-lokaci. Ka faɗa wa ɗalibanka gaskiyar launin ɗamararka da sunan wanda ya ɗaura maka. Ka kuma koyi taimakon gaggawa, ka ajiye akwatinsa a ɗakin: bandeji, filasta, safar hannu, maganin wanke ciwo. Lambar gaggawa ta Gana 112 ce, rubuta ta ɓaro-ɓaro a bango, ka san asibitin da ya fi kusa da kai da hanyar da za ka bi idan kasuwar Kejetia ta cushe.

Sai shimfiɗa. Katifun roba masu haɗe-haɗe, mita ɗaya a mita ɗaya, su ne mafi sauƙin samu. Nemi mai kaurin santimita 4. Mai santimita 2 ta isa aikin ƙasa, amma kada ka yarda a yi kaye a kanta idan siminti ne a ƙarƙashi. Idan aljihu bai kai ba, ga abin da muka fara da shi: mun buga katako zagaye da filin, muka ɗauko diddigar katako daga kasuwar katako ta Sokoban a aboboya, babur mai ƙafa uku na dako, muka tankaɗe ta don fitar da ƙusa da tsinke, muka daddaɓe ta sosai, muka ja tampol mai kauri a kai muka ɗaure gefensa tam. Tana aiki, sai dai duk bayan 'yan makonni sai an buɗe an baje ta, don takan yi rami a tsakiya. Kowane mutum biyu ka ba su fili kamar mita uku a mita uku. Idan akwai ginshiƙi ko kusurwar bango, naɗe su da soso.

Kaya kuwa kada su hana kowa zuwa. Rigar horo mai kauri da ake kira gi tana da tsada, ko da yake wani lokaci akan dace da ta 'yan judo a gwanjo. Doguwar riga mai kama jiki da wando marar zif, marar aljihu, wanda ya rufe gwiwa, sun wadatar a farko.

Mataki na ƙarshe kafin buɗewa shi ne ka je ka gaida manya. Ka sami limamin unguwa da iyayen yara, ka yi musu bayani da bakinka, ka gayyace su su zo su gani. Tambaya biyu za su yi maka. Ta farko, ko 'yan daba za ka haɗa. Ta biyu, ko ana rusuna wa juna kamar yadda suke gani a finafinan Japan. Ka ce musu a ɗakinmu tafa hannu ake yi a haɗa dunƙule kafin a fara, babu ruku'u ga kowa, kuma duk wanda ya kai abin da ya koya titi ya tsokani wani, ranar ya bar aji. Malamai sun san labarin kokawar Manzon Allah (SAW) da Rukana, sun kuma san hadisin da ya ce mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, don haka ba za ka sha wuyar fahimtar da su ba. Lokacin ajin ka sa shi bayan La'asar a tashi kafin Magariba, ko bayan Isha'i.

Ranar farko: taf

Kafin ɗalibi ya taka shimfiɗa, duba faratansa na hannu da na ƙafa. A cire zobe, agogo, sarƙa, ɗan kunne. Laya da kambu ma a cire a ajiye cikin jaka, ka faɗa cikin ladabi, don igiyarsu na iya shaƙe mai ita. Silifas ya tsaya a bakin shimfiɗa, kuma babu mai shiga bayan gida ba takalmi ya dawo ya taka inda muke sa fuska.

Daga nan sai darasin da ya fi kowanne. Taf shi ne ka bubbugi jikin abokinka da tafin hannu sau biyu ko uku, da ƙarfin da zai ji, alamar ka sallama. Idan hannuwanka a kame suke, buga ƙasa da ƙafa. Idan ba hali, ka ce "taf" da babbar murya. Wanda aka bubbuga kuma ya saki nan take, babu "bari in ƙarasa". Jikin abokinka za ka buga, domin bugun shimfiɗa yakan ɓace cikin hayaniya.

Na daɗe a kan wannan saboda na ga abin da rashinsa ke jawowa, kuma laifina ne. A farkon koyarwata na nuna kullen gwiwar hannu, kamun da ke banƙare hannu har ya nemi karyewa, tun mako na biyu, don in ga yara sun ji daɗi sun dawo. Na haɗa wani ƙaƙƙarfan saurayi mai dako a kasuwa da wani ɗan sakandare. Ɗan sakandaren ya ji kunyar ya sallama a gaban abokansa, ya cije. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar, ƙas, kamar an karya ɗanyen kara. Muka kai shi asibiti, ya yi makonni hannunsa a rataye, jarrabawa na ƙaratowa. Da na je gaishe shi, mahaifiyarsa ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, amana na ba ka." Har yau ina jin maganar nan duk ranar da sabon ɗalibi ya shigo.

Matsalar ita ce tarbiyyarmu ta koya wa namiji cewa sallamawa abin kunya ne. Dole ka rushe wannan da aiki. Ni nakan kira mafi ƙanƙanta a ajin, in kwanta, in sa ya kama hannuna, in bubbuge shi a gaban kowa. Sannan kowa ya yi wa abokinsa sau goma, ba tare da an matse komai ba, har hannu ya saba. Nakan ba su labarin 1951 a filin Maracanã na Rio de Janeiro, inda Masahiko Kimura na Japan ya murɗe hannun Hélio Gracie, Hélio ya ƙi sallamawa har hannun ya karye, sai yayansa Carlos ne ya jefa tawul. Kamun nan har yau kimura ake kiransa. Nakan ce musu wancan karawa ce ta suna a gaban dubban mutane, ku kuwa gobe da safe akwai kasuwa, akwai makaranta, hannun nan da shi za ku ci abinci.

Mako na farko da na biyu: faɗuwa da tashi

Koyar da faɗuwa daga ƙasa zuwa sama. Ɗalibi ya kwanta rigingine, ya manna haɓarsa da ƙirji har ya hangi cibiyarsa, ya buga shimfiɗa da tafukan hannu biyu, hannuwan a ɗan buɗe daga jiki. Idan ya iya, ya yi daga zaune, yana gangarawa da baya a lanƙwashe kamar ƙwarya. Sannan daga tsugunne. Daga tsaye sai mako na biyu. Kuskure biyu za ka yi ta gyarawa: sakin ƙeya ta bugi ƙasa, da kai hannu baya don tarewa, wanda shi ke karya tsintsiyar hannu. A titi babu mai buga kwalta da tafi da ƙarfi, amma haɓar da ta saba mannewa ita za ta hana ƙeya haɗuwa da bakin kwata. Wannan darasi ko a faɗuwar babur yana amfani.

Tashi kuma yana da ƙa'ida, don wanda ya miƙe da kai gaba ya miƙa fuskarsa ga shuri. Zauna a ƙasa. Dafa hannun hagu a bayanka, kafa tafin ƙafar dama kusa da mazaunai, ɗaga hannun dama a gaban fuska. Ɗora nauyinka kan hannun hagu da ƙafar dama, ɗaga ƙugu, ja ƙafar hagu ta ƙarƙashinka ka ajiye ta bayan hannun da ka dafa. Sai ka ɗago, idonka a kan mutumin, ka ja da baya. A yi ta ɓangaren biyu. Ni doka na sa: duk lokacin da ɗalibi zai tashi daga shimfiɗa, ko ruwa zai je sha, da wannan tashin zai tashi. Cikin wata guda sai ya zama ɗabi'a.

A cikin makonnin nan ne kuma za ka shigar da motsi biyu na ƙugu, waɗanda kusan duk wata kuɓuta a kansu take. Na farko gantsarewa: kana rigingine, diddige kusa da mazaunai, ka tura ƙugu sama ka karkata kan kafaɗa ɗaya. Na biyu zamewar ƙugu: ka kafa ƙafa, ka ɗan ɗaga ƙugu, ka juya kan gefenka ka tura mazaunai baya, jikinka ya naɗe kamar lauje. A yi su tsawon shimfiɗa, zuwa da dawowa, a kowane aji. Yara za su ce sun gaji da su. Kada ka daina.

Mako na uku zuwa na shida: fita daga ƙarƙashi

Nan ne zuciyar aikin. Fara da wanda ya hau ruwan cikinka, domin shi ne abin da ke faruwa a faɗan unguwa. Abin da jiki ke so ya yi shi ne ya miƙe hannu ya tura ƙirjin na sama, ko ya juya rub da ciki. Dukansu halaka ne: na farko ya ba da hannu a karya, na biyu ya ba da wuya a shaƙe. Ka nuna musu wannan a fili kafin ka nuna maganin.

Ga maganin daki-daki. Gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari, tafuka na tsare fuska. Ka gantsare da ƙarfi sau ɗaya, na sama zai tafi gaba ya dafa ƙasa da hannuwansa don kada ya kifa. Kafin ya dawo, rungume shi ka manna kanka da ƙirjinsa, don naushi ba ya da ƙarfi idan babu tazara. Zaɓi ɓangare ɗaya, a ce hagunka. Naɗe hannunsa da ke wannan ɓangaren da hannunka na hagu, sama da gwiwar hannun, ka matse shi a jikinka. Ɗora ƙafarka ta hagu a bayan ƙafarsa ta wannan ɓangaren ka tare ta. Yanzu ya zama tebur da aka cire wa ƙafa biyu na gefe guda. Ka gantsare sama tukuna, sosai, sannan ka juya ta kan kafaɗarka ta hagu, idonka na kallon inda za ka. Za ka tsinci kanka a durƙushe tsakanin ƙafafunsa. Ɗago bayanka, dafa ƙugunsa, ka ja da baya ka miƙe.

Lura da abu uku yayin da kake zagayawa. Wasu za su kama hannun dama su tare ƙafar hagu, sai abin ya ƙi. Wasu za su mirgina gefe ba tare da sun gantsare ba, sai su ce abokinsu ya yi nauyi. Na sama kuma ka tuna masa ya dunƙule yatsun hannun da aka kama, don kada su lanƙwashe a ƙasa lokacin juyawa.

Yadda ake bita yana da muhimmanci kamar dabarar kanta. Zagaye na farko na sama ba ya turjewa ko kaɗan, sau goma kowa. Zagaye na biyu ya ɗan sa nauyi. Zagaye na uku ka sa agogo minti ɗaya: na sama na ƙoƙarin zama, na ƙasa na ƙoƙarin fita, babu shaƙa babu murɗa. Idan an fita, a koma a sake. A nan ɗalibi ke gane ko ya iya ko bai iya ba, kuma a nan yake koyon numfashi a ƙarƙashin nauyi. Za ka ga sabo ya riƙe numfashi, idonsa ya firfito, cikin daƙiƙa talatin ya ƙare. Durƙusa kusa da kansa ka ce, "Yi numfashi, ƙanena, ba inda za shi." Ranar da ka ga ya kwanta a ƙarƙashin wanda ya fi shi kilo ashirin yana numfashi a natse, ya sami rabin jiyu-jitsu.

Bayan wannan sai danniya ta gefe, inda na sama ya gicciye ƙirjinsa a kan naka. A nan kalmar da za ka yi ta maimaitawa ita ce tokari. Sangalin hannu ɗaya a gindin wuyansa, ɗayan a ƙugunsa, ƙashi ne ke ɗaukar nauyin, ba tsoka ba. Gantsare don samun sarari, zame ƙugu, cusa gwiwa tsakaninku, ka dawo da ƙafafunka gabansa.

Wannan zama, kana rigingine ƙafafunka na tsakaninka da shi ko sun zagaye ƙugunsa, shi ake kira gadi, kuma sunan ya dace da Hausa, don ƙafafun gadinka suke yi. A wasan gasa akwai gadi iri-iri da mutum zai shekara yana koyo. Sabon ɗalibi abu biyu ya ishe shi. Idan mutumin na kusa, jawo shi da gwiwoyi, rungume kansa, naɗe hannunsa, ya rasa tazarar duka. Idan ya ja baya, ɗora tafukan ƙafa a ƙugunsa, tura shi, ka yi tashin nan da ka koya a mako na farko.

Wata na biyu da na uku: birgima, sannan shaƙa

Birgima ita ce karawa ta sakin jiki, kowa na neman nasara. Kada ka sa sabo a ciki kafin ya yi kamar wata guda da rabi, kuma karon farko ka haɗa shi da wanda ya fi kowa natsuwa a ajin, ko da kai kanka. Sababbi biyu masu ƙarfi su ne haɗin da ya fi kawo rauni. A fara daga ƙasa, minti uku zuwa biyar. Dokokin ɗakina: babu ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, babu murɗa wuya, babu kama yatsa ɗaya-ɗaya, babu murɗa diddige, babu tsalle a rataya a jikin wanda ke tsaye. Kai malami kada ka shiga birgima ka bar aji babu mai kallo.

Shaƙa ɗaya nake koyarwa a wannan mataki, wadda 'yan Birazil ke kira mata leão, wato kashe zaki. Ana yin ta daga goyo: kana bayan mutum, ƙirjinka manne da bayansa, diddigenka biyu a cikin cinyoyinsa. Kada ka harɗe ƙafafunka a gabansa, don zai iya danne su ya ji maka ciwo a idon sawu. Zagaya hannu ɗaya a wuyansa har gwiwar hannun ta daidaita da haɓarsa, kama damtsen ɗaya hannunka, tura tafin wancan bayan ƙeyarsa, sannan ka matse a hankali kana ja da kafaɗunka baya. Jijiyoyin jini biyu na gefen wuya take matsewa, ba maƙogwaro ba, kuma idan ta zauna daidai mutum na iya suma cikin kamar daƙiƙa goma. Don haka a aji da ƙidaya ake matsewa, sannu-sannu, kuma a rana guda nake koyar da ita da kariyarta: sauke haɓa, kama hannun da ke shaƙar da hannu biyu, zame bayanka zuwa ƙasa.

Idan wani ya suma, a saki nan take, a kwantar da shi, a duba numfashinsa. Kada a girgiza shi, kada a zuba masa ruwa a baki. Yawanci yakan farfaɗo cikin 'yan daƙiƙu. Idan bai farfaɗo da wuri ba, ko numfashinsa ba daidai ba, a kira 112. Wanda ya suma ya gama horon ranar. Wanda kuma ya bugu a kai har ya ji jiri ko amai, likita ne zai ce ga ranar da zai dawo. Ƙananan yara ba na koya musu shaƙa sam. Su nasu wasan kaye ne da danniya da kuɓuta.

Abin da za ka gaya musu game da titi

A gasa ana ba da maki: 2 na kaye, 3 na wuce gadi, 4 na hawan ciki ko goyo. A titi babu maki, babu katifa, kuma wanda kake danne da shi yana iya samun abokai uku a bayanka, ko wuƙa a ƙugu. Ka faɗa musu ƙarara: idan mai makami ya ce waya, a ba shi waya. Duk malamin da ya ce zai koya maka ƙwace wuƙa a mako guda, jininka yake wasa da shi. Abin da muke koyo na ranar da gudu ya gagara ne, an riga an kama ka, kuma burinsa ka kuɓuta ka miƙe ka tafi inda mutane suke. Sau ɗaya a mako ka sa na sama ya riƙa kai mari marar ƙarfi da buɗaɗɗen tafi, don kada su manta da tsare fuska. Ka koya musu kuma fizge hannu ta wajen babban yatsan wanda ya riƙe su, da sauke nauyi idan an rungumo su ta baya.

Dokar laifuka ta Gana, wato Act 29 ta 1960, ta yarda mutum ya kare kansa, amma da ƙarfin da bai wuce buƙata ba. Wanda ya ci gaba da shaƙe mutum bayan ya saki jiki ya fita daga kare kai, kuma shaƙar da aka daɗe ba a saki ba kisa take yi. Wannan magana ka maimaita ta har su haddace.

Mata sun fi kowa buƙatar darasin fita daga ƙarƙashi, kuma a Zango ba za su zo ajin da ake cakuɗa da maza ba, iyayensu ma ba za su bari ba. Ware musu rana da ɗaki a rufe, mace ta koyar. Idan babu, horar da 'yar'uwarka ko matarka har ta iya riƙe ajin. Hijabi ya zama mai kama kai, marar fil. Idan wata ta buɗe baki ta faɗi abin da ake yi mata a gida, kada a ce mata ga dabara je ki gwada. A raka ta sashen DOVVSU na 'yan sanda, mai kula da cin zarafi a cikin gida, wanda aikinsa ke nan.

Tsafta, zafi da ɗamara

Zafin Kumasi da gumi su ne abincin makero da maruru. A goge shimfiɗa da ruwan bilic da aka surka bayan kowane aji, a bar ta ta bushe. Kowa ya yi wanka da sabulu da ya isa gida, kaya kuma a wanke su duk ranar da aka sa. Wanda ka ga zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi a fatarsa, ko ƙurji mai ruwa, ka ja shi gefe a asirce ka ce ya nemi magani, kada ya dawo sai ya warke. Mutum ɗaya na iya raba wa aji duka cikin mako guda. Ruwan sha ya wadata, a huta duk bayan minti goma sha biyar ko ashirin, ranar da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya kuma a rage birgima. Da azumi mukan mayar da aji bayan tarawihi, mu taƙaita shi.

Tambayar ɗamara za ta zo tun kafin wata uku su cika. Ta manya biyar ce: fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, baƙa. A ƙa'idar IBJJF, hukumar jiyu-jitsun Birazil ta duniya, ba a ɗaura shuɗiya sai an kai shekara 16, yara kuma suna da nasu launuka: toka, rawaya, ruwan lemo, kore. Baƙar ɗamara takan ci kamar shekara goma. Kada ka sayar da ita, kada kuma ka ɗaura wa wani abin da matsayinka bai kai ka ɗaura ba. Tara ɗalibanka, ku haɗa kuɗin mota, ku gayyato malaminka ya zo ya gwada su da hannunsa.

A ƙarshen wata na uku ni ga jarrabawar da nake yi. Ɗalibi ya kwanta, wanda ya fi shi nauyi ya hau ruwan cikinsa, in danna agogo minti biyu. Ina so in ga ya tsare fuskarsa, ya yi numfashi, ya fita, ya miƙe da tashin da aka koya masa, ya ja da baya taku uku. Wanda ya yi haka sau uku da mutum uku daban-daban, mako mai zuwa sai mu fara kullen gwiwar hannu.